An ba ni kashi 10 a ciwon baya, an ce ba a soja kafaɗata ta lalace ba: ta wace ƙofa zan ɗaukaka ƙara?

DanMaradi_NC:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta kawo ni. Na yi sojan ƙasa a nan Amurka daga 2009 zuwa 2016, direban manyan motoci, na je Afganistan sau ɗaya. Bara na nemi diyyar nakasa daga VA, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, kan abu biyu, ƙasan bayana da kafaɗar dama. Takardar hukunci ta zo wata huɗu da suka wuce. An yarda aikin soja ne ya jawo ciwon bayan, amma kashi 10 cikin 100 na ma'aunin nakasa aka ba ni, domin a wurin gwaji an rubuta ina iya sunkuyawa digiri 70. Kafaɗa kuwa an ƙi ta gaba ɗaya, an ce babu inda aka rubuta ta a fayil ɗina na asibiti lokacin da nake aiki.

Gaskiya ne ba a rubuta ba. A 2012 na zamo daga bayan mota muna sauke kaya, na dafa ƙasa da hannun dama. Ma'aikacin jinyar rukuninmu ya ba ni ƙwayoyi, na koma bakin aiki. Yau ga shi babbar riga ma sai matata ta taimaka mini nake sa ta, kuma shekara biyu ke nan a kan kujera nake yawancin sallolina. Wanda ya taɓa bin wannan hanya ya ba ni shawara don Allah. Zan ɗaukaka ƙara ne, ko in haƙura da abin da na samu?

Ummu_Khadija_Ohio:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Kada ka haƙura, haƙƙinka ne.

Sajan_Bronx:
Ƙanena, kafin komai duba kwanan watan da ke saman takardar nan ka rubuta shi inda za ka riƙa ganinsa. Shekara ɗaya cif kake da ita daga wannan rana. In ka motsa a cikinta, duk ƙarin da ka samu daga baya za a biya ka shi tun daga ranar da ka fara nema. In ka bari ta wuce, ƙofa ba ta rufe ba, amma kuɗin watannin da suka wuce sun tafi.

Tun 19 ga Fabrairun 2019 da sabon tsarin ɗaukaka ƙara na VA ya fara aiki, ƙofofi uku ne. Akwai fom 20-0996, wanda da shi kake neman wani babban jami'i ya sake duba fayil ɗin kamar yadda yake, ba a ƙara ko takarda ɗaya. Akwai fom 20-0995, wanda ake kawo sabuwar hujja da shi. Sai fom 10182, mai kai ka gaban alƙali na Hukumar Ɗaukaka Ƙarar Tsofaffin Sojoji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba dole sai ka tura duka ta ƙofa ɗaya ba. Baya zai iya bin tasa, kafaɗa ta bi tata.

Ni a ganina kafaɗarka ta 20-0995 ce, domin hujja ce ta yi ƙaranci. Abu uku ake nema kafin a danganta ciwo da aikin soja: ciwon da likita ya tabbatar yau, abin da ya faru kana cikin kaki, da kuma maganar likita da ta haɗa su biyun. Kai yanzu wanne kake da shi a rubuce?

DanMaradi_NC:
Na gode Yaya Sajan. Na farkon kawai. An yi mini hoton MRI, mai nuna cikin jiki, bara, an ce jijiyar da ke riƙe kafaɗa ta yage.

Zongo_Boy_82:
Malam ka tura MRI ɗin nan tare da 20-0996, shi ya fi sauri. Nawa cikin wata uku ya fito.

Sajan_Bronx:
A'a Zongo_Boy, kada ka ɓatar da shi. A 20-0996 ba a karɓar sabuwar hujja, ko ka tura ba za a duba ta ba. Kuma ba MRI ne ya rasa ba, babu mai musun cewa kafaɗar ta yage. Abin da ake tambaya shi ne yaushe ta yage.

Zongo_Boy_82:
Haka ne, na tuna. Nawa kuskuren lissafi ne aka gyara, ba sabuwar takarda na kai ba. A yi haƙuri.

Hajiya_Silver_Spring:
Ni ba soja ba ce, matar soja ce, kuma shekara uku na yi ina bin fayil ɗin maigidana, don haka bari in tambaye ka abu ɗaya, ɗana. Ranar da ka shiga ɗakin gwajin nan, da likita ya ce maka ya jiki, me ka ce masa?

Na tambaya ne saboda abin da ya same mu. Na raka maigida gwajinsa na farko. Daren ranar bai runtsa ba, sau biyu na tashi ina gasa masa ƙugu da ruwan zafi. A mota sai da na kwantar masa da kujera. Muna shiga likita ya tambaye shi yaya yake, sai ya ce lafiya lau, mun gode Allah. Aka ce ya sunkuya, ya cije leɓe ya sunkuya har yatsunsa suka kusa taɓa ƙwaurinsa. Ina kallon gumi yana tsattsafo masa a goshi, bai ce uffan ba. Da muka fito sai da ya jingina da bango kusan minti goma kafin ya iya takawa zuwa mota. Likitan bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ya rubuta, kuma ban ga laifinsa ba.

Mu an tarbiyyantar da mu kada mu kai ƙarar jikinmu ga baƙo. Namiji ba ya raki, mai ciwo in an gaishe shi ya ce da sauƙi. Soja kuma ya zo ya ƙara musu wannan hali. Amma ɗakin nan ba wurin gaisuwa ba ne, duk abin da ya fito daga bakinka shaida ce. Ka gode wa Allah a zuciyarka, sannan ka gaya wa likita a ina ciwon yake farawa, sau nawa yake tashi a wata, kwana nawa yake kwantar da kai.

DanMaradi_NC:
Hajiya wallahi kamar kina wurin. Alhamdulillahi na ce, kuma na sha maganin ciwo da safen don in iya tuƙi zuwa can. Da aka ce in sunkuya na yi iya ƙarfina, na zaci abin da ake so ke nan.

Nas_Aisha_Houston:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗora a kan maganar Hajiya. Lafiyayyen baya yana sunkuyawa digiri 90, wato kamar cikakken ruku'u, baya ya miƙe sambal. A ma'aunin VA wanda ya wuce 60 amma bai wuce 85 ba kashi 10 ne, shi ya sa 70 ɗinka ya ba ka 10. Wanda ya wuce 30 bai wuce 60 ba kashi 20. Digiri 30 zuwa ƙasa kashi 40. Ana ba da 20 kuma idan naman bayan yana ɗaurewa har ya canza wa mutum tafiya, ko da sunkuyawar ta wuce 60.

Mutumin da ya koma salla a kujera saboda ruku'u ya gagare shi, da wuya a ce 70 ne gaskiyar halinsa na kullum. Ka nemi kwafin rahoton gwajin ka karanta layi-layi. An auna ka da ma'aunin kusurwa, ko da ido aka ƙiyasta? An sa ka maimaita sunkuyawa sau uku? An tambaye ka yadda kake in ciwon ya tashi?

Wani abu dabam, Malam: ciwon yana sauka ƙafa? Kana jin kamar wutar lantarki ko ƙafar ta yi maka sanyi ta mutu?

DanMaradi_NC:
Yana sauka ta hagu har yatsa, musamman in na daɗe a zaune a mota. Ban faɗa ba, na ɗauka duk ciwon bayan ne.

Nas_Aisha_Houston:
To wannan jijiya ce ake dannewa, kuma ana ba ta nata kason daban da na baya: mai sauƙi 10, matsakaici 20, ya yi sama daga nan. Ka je likitanka ya duba ya rubuta. Kuma don Allah, ba maganar kuɗi ba, duk ranar da ka ji fitsari ko bayan gida yana ƙwace maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafar ta ƙi ɗaukarka, kada ka jira gari ya waye, ka wuce sashen gaggawa.

Malam_Tsoho_Philly:
Ina karanta ku tun ɗazu, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ina tsoron kada mu koya wa juna ƙarin gishiri. Na san masu shiga ɗakin gwaji da sanda, su fito su jefa ta bayan mota. Kuɗin da aka samu ta haka ba zan so ya shiga cikin 'ya'yana ba.

Hajiya_Silver_Spring:
Malam, babu wanda ya ce ya ƙara. Cewa muka yi kada ya rage. Wanda ya ce lafiya lau alhali bai yi barci ba, shi ma ai ba gaskiya ya faɗa ba. Yaron nan ƙuruciyarsa ya bayar, jikinsa ya lalace a bakin aiki, doka ta ce a biya shi gwargwadon lalacewar. Ba sadaka yake roƙo ba.

Malam_Tsoho_Philly:
In dai haka ne ban ja ba, Hajiya. Ya faɗi ranar da yake da sauƙi, ya faɗi ranar da yake kwance, duka biyun.

Lauje_Cikin_Nadi:
Abin da Malam ya faɗa a ƙarshe shi ne ma abin da kotu ta ce. A shari'ar Sharp ta 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙarar Tsofaffin Sojoji ta ce ko ba a ranar da ciwo ya tashi aka yi gwaji ba, wajibi ne likita ya tambayi tsohon sojan yadda tashin yake, ya ƙiyasta yawan motsin da yake rasawa a lokacin. Ba zai ce ba zai iya ba don kawai bai gani da idonsa ba. A shari'ar Correia ta 2016 kuma aka ce a auna gaɓa lokacin da mutum yake motsa ta da kansa da lokacin da likita yake motsa masa, da nauyi a kanta da kuma babu nauyi. In rahoton DanMaradi bai cika waɗannan ba, to gwajin bai wadatar ba, kuma wannan shi ne irin abin da 20-0996 yake gyarawa. A fom ɗin akwai wurin da za ka nemi a kira ka a waya ka nuna wa jami'in inda kuskuren yake. In ya yarda, sai a mayar da fayil a sake gwaji.

Kafaɗa kuwa, rashin rubutu a fayil bai kashe maganar ba. Tun shari'ar Buchanan ta 2006 aka ce ba za a watsar da shaidar mutum don kawai babu takardar asibiti ta wancan lokacin da ta goyi bayanta ba. Ni ba lauya ba ne, na dai karanta waɗannan ne lokacin da nake fama da nawa.

Sajan_Bronx:
A nan zan ɗan saɓa da kai. Shi da bakinsa ya ce bai faɗi maganar ƙafa ba, bai faɗi maganar kujera ba, kuma ya ce lafiya lau. Babban jami'in abin da ke cikin fayil kawai zai gani. Ni da ni ne, bayan ma ta 20-0995 zan tura shi, da rahoton likita kan jijiyar ƙafa, da takardar matarsa, da tasa.

Lauje_Cikin_Nadi:
Shi ya sa na ce ya fara karanta rahoton. In an tambaye shi ya ce babu, maganarka ce daidai. In ba a tambaye shi ba sam, tawa ce. Kuma ko wacce ya bi ta ƙi, yana da wata shekarar daga sabon hukuncin ya bi ɗaya ƙofar, ranar farko ba za ta ɓace ba.

Kofur_Agadez:
Maganar kafaɗa nake so in koma, don irin tawa ce sak, sai dai tawa ta hagu ce. Ni ma ba a rubuta ba. Abin da ya cece ni mutum biyu ne da muka yi aiki tare. Na nemo su a Facebook bayan shekara tara, ɗaya yana Texas ɗaya yana Jojiya. Kowannensu ya cike fom 21-10210 ya faɗi abin da ya gani da idonsa: ranar da na faɗi, da yadda na yi makonni ba na iya ɗaga jakata sai an ɗora mini. Ba su yi maganar likitanci ba, ba aikinsu ba ne. Sannan na kai wa likitan ƙashi fayil ɗina duka, ya karanta, ya rubuta cewa yiwuwar faɗuwar nan ce ta jawo yagewar ta kai rabi ko fiye, ya kuma kawo dalilinsa. Wannan rabin shi ne ma'auni. Ba a neman tabbas ɗari bisa ɗari, in hujja ta yi kunnen doki tsohon soja ake ba gaskiya. Amma takardar likita mai layi biyu ba dalili ba ta da nauyi.

Ɗan uwa, a kan hanya aka kai muku hari ka faɗi, ko a sansani? Domin in a cikin faɗa ne, doka ta sassauta, maganarka kaɗai tana iya tabbatar da faruwar abin.

DanMaradi_NC:
A sansani ne, ba faɗa. Amma ka tuna mini da wani abu. A daren da abin ya faru na rubuta wa matata saƙo a Facebook da hannun hagu, na ce mata na faɗi kafaɗata ta kumbura, kada ta gaya wa Inna. Yanzu na sa ta duba, saƙon yana nan da kwanan watansa na 2012. Da Hausa ne.

Kofur_Agadez:
Allahu Akbar. Ka ɗauki hotonsa yadda kwanan wata zai fito, ka sa a fassara shi, ka haɗa da asalin. Abin da mutum ya rubuta wa matarsa shekaru kafin ya san zai nemi ko sisi, wa zai ce ƙirƙira ya yi?

Nas_Aisha_Houston:
Kuma tunda ta dama ce, in dai kai ba bahago ba ne, kason ya fi. Hannun da in an ɗaga shi yake tsayawa daidai kafaɗa, digiri 90, kashi 20 ne ko wane hannu. In ya tsaya a 45, hannun da kake aiki da shi 30, ɗayan 20. In bai wuce 25 daga jiki ba, 40 da 30.

Zongo_Boy_82:
To in ya samu 20 a baya, 20 a kafaɗa, 10 a ƙafa, ya zama 50 ke nan. Ba laifi.

Sajan_Bronx:
Ba haka ake haɗawa ba. Ana cire na farko daga 100, na biyu kuma a cire shi daga abin da ya rage. 20 daga 100 saura 80. Kashi 20 na 80 shi ne 16, an samu 36. Saura 64, kashi 10 nasa 6 da ɗoriya, an samu 42, a mayar da shi 40. Ni nawa 40 ne da 20 da 10, na zaci 70, sai ga 60. Abin da ya kamata ya sani shi ne daga kashi 30 ake fara ƙara kuɗin mata da 'ya'ya, kuma kuɗin nan babu haraji a kansu.

Baban_Yasmin_ATL:
Ku daina wahalar da shi da lambobin fom. Ya ɗauki lauya kawai. Ni sai da na kai gaban alƙali, na jira fiye da shekara biyu kafin a saurare ni ta bidiyo, kuma ba don lauyan ba da ban san abin da zan ce ba. Kashi 20 ya ɗauka daga kuɗin watannin da suka wuce, ban yi da-na-sani ba.

Hajiya_Silver_Spring:
Lauya yana da ranarsa, amma bai kai can ba tukuna. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai masu izini da ke yin wannan aiki kyauta, mu da su muka yi. Abin da zan ja kunnensa a kai shi ne masu talla a intanet da ke cewa za su kai ka kashi 100. Da yawansu ba su da izinin wakiltar kowa, sai su sa ka sa hannu a yarjejeniya su riƙa bin ka bashi. Kafin ka ba kowa fayil ɗinka, duba sunansa a jerin waɗanda VA ta amince da su, yana nan a shafinta.

Baban_Yasmin_ATL:
Wannan gaskiya ne Hajiya. Nawa mai izini ne, kuma sai bayan hukuncin farko doka ta yarda ya karɓi kuɗi.

Dogo_Kumasi:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Ni ina shirin komawa gida in zauna. In na bar Amurka kuɗin zai tsaya?

Sajan_Bronx:
Ba ya tsayawa don ka koma gida. Akwai ma shirin da ke biyan kuɗin maganin ciwon da aka danganta da aikin soja ga mazauna ƙasashen waje, sai ka yi rajista. Ka dai tabbatar adireshinka daidai yake, don in aka kira ka gwaji ba ka je ba yana iya taɓa kasonka. Ka buɗe wannan a zance na daban, akwai magana a ciki.

Malam_Tsoho_Philly:
Abu ɗaya ba a gaya wa yaron nan ba. In ya nemi ƙari a ciwon baya aka sake gwaji, ba za a iya rage masa 10 ɗin da yake da shi ba?

Lauje_Cikin_Nadi:
A ƙa'ida duk wanda aka sake aunawa ana iya ganin ya samu sauƙi. Amma shi a matakin ƙasa yake, kuma gaɓar da aka tabbatar tana ciwo in an motsa ta tana da haƙƙin mafi ƙarancin kaso, wanda a ciwon baya 10 ne. Wanda ke da 40 ko 60 shi ya kamata ya yi dogon tunani.

DanMaradi_NC:
Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na kira ofishin DAV na kusa da mu, sun ba ni ranar Talata. Na samu ɗaya daga cikin abokan aikina, ya ce ya tuna ranar, shi ya ɗaga ni ma, zai rubuta. Kafaɗa dai na yanke shawara 20-0995. Baya ne har yanzu ban sani ba, tsakanin maganar Yaya Sajan da ta Lauje, sai rahoton gwajin ya zo hannuna. Hajiya, takardar da matata za ta rubuta, me da me za ta sa a ciki?

Hajiya_Silver_Spring:
Abin da take gani a gida, da kalmominta. Tun yaushe take sa maka riga, sau nawa kake tashi da dare, yaushe ka koma kujera a salla, kwana nawa ka fasa fita aiki a watan jiya. Ka ce ta yi mini magana ta akwatin sirri in nuna mata yadda na tsara tawa.

Kofur_Agadez:
Ka sayi ƙaramin littafi daga yau ka riƙa rubuta ranakun da ciwon ya tashi da abin da ya hana ka yi. Ni na fara nawa a makare, da aka tambaye ni sau nawa a wata sai na tsaya ina lissafi da yatsu a gaban likita.